Waɗanda Za Su Ɗauki Akwatina

Da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

Ni Toma Bawa, mai walda a Sabon Gari, mazaunin Hayin Dogo a Samaru, nake rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, babu wanda ya sa ni. Jiki ne ya gaza, kai yana nan. Bakin ma yana nan, a tambayi ma'aikatan asibiti. Hephzibah da Mark, ku nake rubuta wa. Kun yi ƙanana yanzu, uwarku Rhoda za ta ajiye muku har ku iya karantawa da kanku. Amma abu na huɗu ba zai jira girmanku ba, a kai wa Fasto tun gawata ba ta yi sanyi ba.

Na ɗaya. Ku san abin da ya kashe ubanku: dajin jini ne, haka likitoci suka ce. Ina faɗa ne don layinmu ya riga ya raɗa wa ciwona wani suna. Ina fara ramewa aka ce ƙanjamau ce. Ko da ita ce, mai ita ba mutum ba ne? To ba ita ba ce ma. Uwarku da ɗalibai ke yi wa layi a bakin titi saboda kunun zaƙinta, yau sai ta dawo da kula a cike, kunu ya yi tsami, ta juye a kwata. Hephzibah, ranar da aka hana ki shan ruwa da moɗar maƙwabta kin tambaye ni laifin me kika yi. Ban amsa ba, don abin da ke bakina bai dace da kunnen yarinya ba. Ba ki yi komai ba.

Na biyu. Injin walda da janareta su zauna a hannun Obi, mai kayan gyaran mota da ke jikin rumfata, ya ba da haya, uwarku ta ci abinci, har Mark ya isa riƙe su. Za ku ji an ce ni da Obi ba ma ga maciji. Gaskiya ne. Shekaru muna zagin juna a kan tartsatsin wutata da yake cewa zai ƙone masa shago. Amma da aka nema mini jini, shi ne ya rufe shago ranar kasuwa ya zo ya miƙa hannu. Yana kwance ana ɗiba yana ce mini in warke da wuri, bai gama zagina ba. Ku kira shi Baba.

Na uku. Buhunan littattafan da ke ƙarƙashin gado na Hephzibah ne. Ni a aji uku na bar makaranta. Da takardun ƙunshin ƙosai na koyi haɗa baƙi, sannan duk ƙarshen zango in bi ɗakunan ɗalibai har Bomo ina tsintar abin da suka zubar. Wasu ba su da bango, wasu ban san yadda suka ƙare ba. Kada a ba mai ƙosai ko shafi ɗaya. Mark ya karanta, amma ya roƙi yayarsa tukuna.

Na huɗu, kuma saboda shi na ɗauki biro. Jinina irin wanda ke shiga jikin kowa ne, layinmu kuma ya san haka. Duk wanda asibiti ya ce a kawo masa jini, sai ka ji, a kira Toma. Japheth mai babur da ya yi hatsari a Kwangila, ni ne na ba shi. Malam Brian da aka yi wa aiki a ciki, ni ne. Tabita matar Abarshi da jini ya ɓalle mata wajen haihuwar Peace, ni ne, na bar ƙofar mutane rabi a kan wuta na ruga. Abarshi fa shi ne abokin ango a bikina. Ya riƙe ƙafata a barandar asibiti yana kuka, yana cewa ya zama bawana har kabari. Gwangwanin madara ɗaya na sha na koma aiki.

Da juyi ya zo kaina, uwarku ta bi ƙofa ƙofa. Japheth wai jiri yake ji. Malam Brian wai yana duba jarrabawar ɗalibansa. Abarshi wai ya tafi Basawa, alhali takalmansa na bakin ƙofa. Wannan duk da na haɗiye, tsoron allura ba zunubi ba ne. Sai a zumuntar mata ta coci uwarku ta ji inda maganar ƙanjamau ta fito. Abarshi ne, a teburin mai shayi, ya ce mutumin da kullum yana asibiti ana soka masa allura, wa ya san abin da ya kwaso. Allurar da ta ceci matarsa! Jinina na yawo a jikinsu, suna kiransa ƙazanta.

To ga umarnina. Ban yarda a sa akwatina a mota ba. Daga coci zuwa maƙabarta a kafaɗa za a kai ni, ta cikin layinmu, ta gaban teburin kunun uwarku. Abarshi a gaba ta dama, Japheth ta hagu, Malam Brian da Obi a baya. Shi Obi ba bashi nake binsa ba, girmamawa ce. Tabita ta wuce gaba riƙe da hannun Peace. Fasto ya faɗa wa jama'a dalili, ya ce ga masu jinin Toma nan, a dube su da kyau, ko akwai wanda ya rame. In an dawo, Rhoda ta dama kunu da hannunta, su fara sha a gaban kowa. Ba ramuwa nake nema ba, ko kuwa in ce ba ita kaɗai ba. So nake kunun ya koma sayuwa, ku ci abinci. Wanda ya ƙi zuwa, kada a cike gurbinsa. A bar kusurwarsa babu kowa, akwatin ya tafi a karkace, layi ya tambayi dalili.

Na biyar. Faɗana nawa ne, ba ya cikin gado. Hephzibah, ki ci gaba da wasa da Peace. Ku gaishe da Abarshi in kun haɗu, gaisuwa ba ta kashe kowa. Mark, an ce jininka irin nawa ne. Na rubuta kada ka ba kowa, na goge, ga tabon nan a takarda. Ka bayar. Amma kada ka ɗauka ka sayi mutum da shi.

Na ƙarshe. Dangi za su ce a kai ɗaya ƙauye, ɗaya wajen gwaggo. Ban yarda ba. Ku ba awaki ba ne da za a raba kiwo. Ko ɗaki ɗaya ne, ko gari da ruwa ne, ku uku a wuri ɗaya. Rhoda, kin sha bakina, ki yafe mini.

Ubangiji ya sa muku albarka, ya tsare ku, ya ba ku maƙwabta na gari, ya ba ku haƙurin da bai ba ni ba. Ku riƙe juna, ku riƙe uwarku. Amin.

A kuma faɗa wa Abarshi kada ya damu da kafaɗarsa. Na rame, ba ni da nauyi.

Ubanku,
Toma Bawa