Ruwa Ya Ci Ɗakin Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya aiki, ya Anti Rabi da yara? Fatan kuna lafiya.

Kududdufin haƙar kuzan nan na bayan gidanmu a Dilimi, an cike shi da shara, an yanka filaye, ba hukumar da ta ce uffan. Ranar Alhamis aka tafka ruwa, ya rasa hanya, ya faɗo mana gida. Ɗakin marigayi Baba ya rushe. Mu lafiya lau, amma Alƙur'aninsa na rubutun hannu ya jiƙe. Yau kwana uku Inna tana shanya shi takarda-takarda, alhali tawadar ta wanke.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa. In ka kira ta, don Allah kada ka ce ta bari.

Ƙanwarka,
Hauwa