An Ce "Ku Gama", Sai Ishaya Ya Waiwaya

Zuwa ga Manajan kamfanin sayen auduga mai ɗaukar malaman sikeli a ƙasar Zuru,

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka:

Mutane da yawa a nan sun ɗauka gwajin da Baturenku ya kawo duba ne, wai yana kallon mutum ya karanta zuciyarsa. Wasu sun ce wasan yara ne, tunda guntayen katako ake ba ƙato ya jera. Ni ban bi ko ɗaya ba. Ni malamin elementare ne a Dabai, kuma da ƙafata na bi gidaje ina gaya wa iyaye cewa wannan hanya ta fi ta "ɗan wane ne", domin tana auna natsuwa da saurin fahimta da amana. Har yanzu ina kan bakana. Shi ya sa abin da ya sami Ishaya ya hana ni zama wuri ɗaya.

Na ɗaya. Ishaya ɗan garin Manga ne, ubansa tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Bama yana ɗingishi. Ni na koya masa baƙi da wasali, ni kuma na matsa masa ya nemi aikinku.

Na biyu. Ran gwaji an zaunar da samari a benci, an ba kowa katakai da zanen da zai kwaikwaya. Tafinta ya ce musu, "Ku gama kafin a buga ƙararrawa." Iyakar umarnin ke nan, na tambayi waɗanda ke wurin ɗaya bayan ɗaya. Ishaya ya riga kowa gamawa. Da ya waiwaya sai ya ga na kusa da shi, wani ɗan garin Danko da bai ma san sunansa ba, ko rabi bai kai ba. Ya matsa ya kama masa, a fili, Bature na kallo. Nan take aka fitar da shi, aka ce mai satar gwaji ba a ba shi amanar sikeli.

Na uku, kuma nan nake so ka tsaya da ni. Samarinmu suna yin golmo, wato noman da saurayi da 'yan ƙungiyarsa ke yi wa uban yarinyar da zai aura. Ana jeruwa a kan kunyoyi. Wanda ya fita kunyarsa ba ya neman inuwa, juyowa yake ya tari wanda aka bari a baya. Ya kuskura ya zauna, 'yan mata su sa shi a waƙa har kaka. A kunnen wanda ya tashi a haka, "ku gama" na nufin kada a bar kowa. Da tafinta ya ce "kowa nasa", da hannun Ishaya bai bar gabansa ba. Na san shi. Gwajinku ya ga halinsa sarai, sunan da aka ba halin ne aka kuskure.

Na huɗu. Maganar ba ta tsaya a ɗakin gwaji ba. Ta riga shi isa kasuwa, a hanya kuma ta zama "sata" kawai, babu "gwaji" a bayanta. Uban yarinyar da Ishaya ke wa golmo ya aiko a gaya masa, wanda Bature ya hana wa sikeli, shi ba zai buɗe masa rumbu ba. Tsohon sojan nan ya daina fita dandali. 'Yan ajina kuma sun tare ni suna tambaya, Malam, to mu daina kama wa juna ne? Me zan ce musu, ranka ya daɗe?

Ba na roƙon a ba shi aiki don tausayi. A sake gwada shi, a faɗi dokar da Hausa bayyananniya, in da hali da yarenmu na C'lela ma. In ya faɗi, ya faɗi. Amma kafin nan, a aiko wani daga wurinku ya tsaya a gaban dagacin Manga ya ce yaron nan bai yi sata ba. Aiki yana iya jira, sunansa ne ba ya jira.

Ga damina ta tsaya, samari suna gona. Ka taho Manga kai da Baturen gwaji, a ba kowannenku fartanya da kunya guda a cikin jeri. Za a bar ku a baya, babu abin kunya a ciki. Sa'an nan ka ɗaga kai ka dubi wanda ya juyo yana nome kunyarka daga can ƙarshe, ka gaya mini ko za ka ji tsoron ba shi sikeli.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka masu gaya maka gaskiya, ya sa auduga ta yi albarka bana.

Wassalam.

Naka,
Malam Garba, Dabai