Maɓalli

Litinin, 3 ga Maris

Baba ya sake sa ni kunna masa fim ɗin nan. Mutum ɗaya ya faɗa rami tsakanin duwatsu, ƙafa a karye, awa uku da minti goma yana jan ciki. Ba magana, ba kiɗa, sai nishi. Wallahi da ni ce mai fim ɗin, cikin minti arba'in na fito da shi ya tafi gidansu. Na zauna, na tashi, na wanke kofin da ba shi da datti.

Laraba, 5 ga Maris

Mai gashin ƙashi ta zo. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, hannunsa na dama bai samu wani ci gaba ba. Ta ce in watan nan ya ƙare a haka, yana iya sandarewa ke nan. Ta tambayi wa ke sa masa riga, na ce ni mana. Ta yi mini wani kallo. To, in bar shi ya yini a kan maɓalli ɗaya?

Alhamis, 6 ga Maris

Na auna: minti goma sha ɗaya mutumin yana kwance igiyar takalmi da haƙori. Na tura fim ɗin gaba.

Asabar, 8 ga Maris

Yau ma na tura. Baba ya ɗago, da ƙyar: "Ma... maɓal..." Ban bari ya ƙarasa ba, na yi wuf na ɓalla masa na wuyan riga. Ya ture hannuna. Ashe maɓallin rimot yake nufi.

"Bar... shi. Zai... kwance."

Ya juya fuska bango. Raina ya ɓaci, kuma ba da shi nake fushi ba.

Talata, 11 ga Maris

Ya ƙi a kunna komai. Ɗakin ya yi mini kaɗan, sai zagaye nake.

Juma'a, 14 ga Maris

Jiya mun kalla har ƙarshe. Fim ɗin dai ya yi tsawo, ban sauya ra'ayi ba. Rimot kuwa mantawa na yi da shi a kan firji.

Da safe Baba ya kama maɓallin rigarsa da hannun dama. Na danne hannuwana ƙarƙashin cinya. Sau shida yana suɓuce masa. Minti goma sha huɗu, sannan ya shiga.

Ya dube ni, gumi a goshi. "Saura... uku."

Na ce, "Ba inda za ni, Baba."

Shayina ya huce, haka na sha shi.