Sale Ne Ya Riƙe Ni

Makarfi, daren Talata, ana gab da zaɓe

Da ƙyar nake riƙe alƙalami, yatsuna duk sun kumbura. 'Yan bangar siyasa suka faɗo mini shago bayan la'asar, wai ina ɓoye takardun 'yan adawa. Suka fasa akwatina da gatari. Me suka samu? Hotunan silima na mutanen ƙarfe, waɗanda nake roƙowa wajen mai manna su a Zariya tun ina koyon ɗinki.

Babbansu ya ɗaga hoton wani mai jajayen idanu, ya ce, "Wannan ɗan takarar wace jam'iyya ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, fim ne."

Ya maka mini gora a baki. Na rungume sauran, suka tattake mini hannu har na saki, suka banka musu wuta a ƙofar shago.

Ba dukan ne ya hana ni barci ba. Sale na cikinsu, shi ne ya riƙe ni ta baya. Sale da na goya a keke har Zariya muka kalli fim ɗin nan tare, yana ƙanƙame da hannuna don tsoro. Ya san hoton sarai. Amma bai gaya musu ba.