Inna, Mun Kwana a Kan Dutsen Bagzam

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke cewa ni da Yaya Sule mun shirya. Na san takardar nan ba za ta iske ki ba, amma ke ya kamata ki fara ji.

Shekara biyu ke nan da rasuwarki. Ina Agadas ina koyarwa a lakol kika yi jinyarki a Gangara, ba wanda ya kira ni sai da aka dawo daga maƙabarta. Na zo na yi zaman makoki, na koma ban ce wa Yaya Sule uffan ba. Tun daga nan in ya kira ba na ɗauka.

Bana, bayan an gama shigar da hatsi rumbu, sai ga shi a ƙofar gidana da buhun wake. Na rasa yadda zan yi da shi. Na ce masa gobe ina da tafiya, mun shirya da Alhusaini, abokin aikina ɗan Abzin, za mu hau Dutsen Bagzam mu kwana a sama. Don ya koma gida na faɗa. Sai ya ce, "To, mu je tare."

Kin san shi, tudun da ya sani bai wuce jigawar gonarmu ba. Da takalmin robarsa ya fito.

Mota ta sauke mu a wani ƙauye a gindin dutsen, muka kama hanya da hantsi. Alhusaini na gaba da jakin da ya ɗauko mana ruwa, mu kuma kowa da jakarsa a baya: bargo, dabino, cuku da kayan shayi. Hanyar ba ta cin mutum biyu a jere, duwatsun baƙaƙe ne masu sulɓi. Duk inda muka wuce lambu sai Yaya Sule ya tsaya ya damƙi ƙasa ya murza, yana mamakin yadda tafarnuwa da ruman suke yi a tsakanin duwatsu.

Wajen la'asar numfashi ya gagare shi. Ya zauna, fuskarsa ta yi fari. Na tsaya na dube shi, sannan na saɓa jakarsa a kan tawa. Bai hana ni ba.

Mun kai sama rana na shirin faɗuwa. Inna, ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Iska ce kawai mai sanyi, ƙoramun da muka tsallaka sun koma kamar zare a ƙasa. Alhusaini ya ce babba ya ja mu sallar magariba. Ina tsaye a bayan Yaya Sule na ga furfura ta cika masa ƙeya. Ban san lokacin da ta fito ba.

Muka hura wuta, aka ɗora shayi. Da Alhusaini ya tashi ya je yi wa jaki dabaibayi, sai Yaya Sule ya ce, idonsa na kan garwashi, "Inna ce ta hana a kira ka. Ta ce Rakiya ta kusa haihuwa, cikin ya zo mata da wahala, kuma ba ku da kowa a can. Ta ce in ka baro matarka wani abu ya same ta, ba za ta yafe mini ba."

Na tambaye shi abin da ya hana shi faɗa mini tuntuni. Ya ce, "Na ga gara ka yi fushi da ni. Ni ina raye, wata rana za ka huce. Ita fa, wa zai ba ka haƙuri a kanta?"

Ba zan ɓoye miki ba, a wurin nan haushinki na ji. Amma bai jima ba. Na tuna shekarar da hatsi ya ƙare mana kafin kaka, kina tura mana ƙwarya kina cewa, "Ku ci, ni na ci a madafi." Tun muna yara mun san ba ki ci ba.

Sanyi ya yi yawa, bargonsa kuma ba kauri, sai muka haɗa biyun muka kwanta baya da baya kamar yadda muke yi a ɗakinki. Har yanzu yana minshari.

Da asuba muka zauna muna kallon rana tana bin kawunan duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Yaya Sule ya tambaya ina ne wajen gida, Alhusaini ya nuna kudu. Babu abin da ake hange sai duwatsu, amma mun daɗe muna duban wajen. Na ce wa Yaya Sule ya yafe mini. Ya ce in bar wannan magana, in dai taimaka masa ya sauka da gwiwoyinsa lafiya. Yana dafe da kafaɗata har ƙasa.

Rakiya lafiyarta lau. 'Yar da ta haifa sunanki ta ci, tana tafiya yanzu, in ta yi fushi goshinta irin naki ne. Hutun nan za mu kai ta Gangara ta ga danginta.

Innata, da kin kira ni da na zo. Kin san haka, shi ya sa ba ki kira ba.

Allah ya haskaka makwancinki, ya yalwata miki shi, ya ƙosar da ke daga abincin Aljanna. Ya ƙara wa Yaya Sule lafiya da tsawon rai, ya haɗa fuskokinmu da taki cikin rahamarsa. Amin.

Ni ne autanki,
Nasiru