Foldar Yaya Babba

Litinin, 3 ga Maris

Rumbun kwamfutocin ofis ya cika maƙil. Manaja ya kira ni, bai ko ce in zauna ba. In ban rage rabi kafin ƙarshen wata ba, zai ɗauko kamfanin waje su riƙe ajiyar. Bai ce teburina zai tafi ba, amma ni ba yarinya ba ce.

Na kafa ƙa'ida, na manna a ƙofar kowa: duk fayil ɗin da aka shekara biyar ba a buɗe shi ba, za a goge, ban da takardun haraji da na kwangila. Babu sani babu sabo.

Laraba, 5 ga Maris

Takardar neman hutu kaɗai, kwafinta ya fi ma'aikatan gidan nan yawa. "Sabuwa." "Sabuwa ta gaske." "Wannan ce dai." Mutanen nan ko tsumma ba sa iya yarwa.

Foldar Yaya Babba ma ta faɗa cikin ƙa'idar. Ita ta riƙe teburin nan kafin ni, ita ta koya min aiki, shekara shida ke nan da rasuwarta. Na san abin da ke ciki: tsofaffin daftari, har da wasiƙar da na fara bugawa, wadda ta cika da jan gyara. Ba amfaninsu. Na bar ta sai ƙarshe, don tsari kawai.

Talata, 11 ga Maris

Kai na ciwo. Jerin abin gogewa sai raguwa yake, alhali ban goge ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Ashe! Na shiga sito neman tawada, na tarar da Baban Sito, dattijon da ke kula da wurin, yana buɗe fayil a kwamfuta yana rufewa, yana buɗewa yana rufewa, ko karantawa ba ya yi. Da ya buɗe, kwanan watan ya dawo na yau, ƙa'idata ta tashi a banza. Har akanta ya koya wa.

A gaban kowa na wanke shi tas. Na ce kwamfuta tana nuna sunan wanda ya buɗe, kar wanda ya raina min hankali.

"'Yata," in ji shi, "ni dai gaisawa nake da su."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Teburi-teburi nake bi yanzu, muna gogewa tare. Ya fi sauri, abin haushi. Akanta ya yarda da kwafi ɗaya na kowane rahoto, kamar ana cire masa haƙori. Manaja ya ce in toshe ƙofar nan ta buɗe-rufe a rubuce. Na ce to.

Maigidana ya ce ko a gida na fara kallon kwalayensa da wani irin ido.

Juma'a, 28 ga Maris

Saura kaɗan. Saura foldar Yaya.

Litinin, 31 ga Maris

An kai rabi har da ɗoriya. Manaja ya ce madalla, wannan karon ya nuna min kujera.

Foldar Yaya na goge abin da ke cikinta da safe, sai fayil ɗaya. Wasiƙar ce dai na buɗe, don in tabbatar. Jan rubutunta na nan a sama: "Ƙanwata, sake. Kin fi haka." Na yi kewarta ƙwarai, sai da na fita baranda.

To yanzu kwanan watan ya zama na yau. Ƙa'ida ta hana a taɓa ta, kuma ni na rubuta ƙa'idar.

Baban Sito ya leƙo wajen tashi. Ya ga sunana a jerin waɗanda suka buɗe, na sani.

"Kin gaishe ta?"

Na ce aiki nake.

Gyaran ƙa'idar da Manaja ke jira, ban samu lokaci ba tukuna.