Sunana Ne Na Goma Sha Huɗu

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ki, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Umma? Allah Ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau nake.

Kin sha tambayata aikina. Baƙin allon kwamfuta ne, ba hoto, sai umarnin da na rubuta. Da shi nake raba ma'aikata rukuni-rukuni, kowanne da dokarsa: wasu a ƙyale saƙonninsu, wasu a adana don masu bincike su karanta.

Ranar Talata manaja ya ajiye min takarda, ya ce in buɗe rukunin waɗanda za a sa wa ido. "Ƙa'ida ce kawai," in ji shi, har da murmushi. Na duba sunayen da ke ciki, duk baƙi ne irina, ba 'yan nan ba. Sunana ne na goma sha huɗu. Shekara shida makullin komai yana hannuna, Yaya, ko allura ba ta ɓata ba.

Da na tsallake sunan nawa, ba mai ganewa. Ban tsallake ba, da hannuna na rubuta. Na'urar nan idan umarni ya shiga ba ta cewa uffan. Haka ma abokan aikina.

Shi ya sa kika ga wasiƙa da biro. Kada ki ƙara turo hotunan yara ta imel ɗin ofis, ba ni kaɗai ke gani ba. In Umma ta tambaya, ki ce yanzu ana kula da ni sosai a wurin aiki. Ba ƙarya kika yi ba.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki